Inda Gizo Ke Saƙa

Laccar da aka gabatar a Talata Mafara

    

An ce in yi magana a kan gizo-gizo, saboda wani abu da ke yawo a wayoyin yaranmu. Za ka ga an rubuta cewa wai kowane mutum yana da dabbar da ke tafiya da ruhinsa. In taka gizo-gizo ce, to kai mai haƙuri ne, mai fasaha, kuma kai ke saƙa ƙaddararka da hannunka. In ka gan shi a mafarki ga fassara, in ya sauko ta gabanka a ɗaki ga saƙon da ya kawo maka. Tushen wannan magana yana wurin 'yan asalin ƙasar Amurka, waɗanda Turawa suka je suka tarar. Hopi da Nabaho suna da labarin wata tsohuwa gizo-gizo da ta koya wa mutane hikima da saƙa, Lakota kuma suna da Iktomi, mayaudarin da in kun ji labarinsa za ku rantse ɗan uwan Gizonmu ne. Daga baya 'yan kasuwar littafi suka tsinci abin, suka raba shi da mutanensa da addininsa, suka mai da shi haja. Masu abin da kansu sun daɗe suna ƙorafi a kan haka.

Ba sai mun je Amurka ba in duba da gizo-gizo muke nema. A kan tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, da can ƙetaren iyaka cikin Kamaru, akwai masu duba da wani babban gizo-gizo mai zama a rami. Sukan kifa fasasshiyar tukunya a bakin ramin, su zuba ganyayyaki masu alamomi, su ajiye tsinke da dutse, su yi tambaya su rufe. In ya fito ya hargitsa ganyen, sai a karanta amsa. Wani masani na Jami'ar Okusfod, David Zeitlyn, ya shafe shekaru yana nazarin wannan. Mu ma a ƙasar Hausa, Maguzawa suna da abin da ake kira kan gida, dabbar da zuriya ba ta kashewa ba ta ci, kuma 'yan bori suna da iskoki masu sunan dabba irin su Kure. To amma malamai suna nan zaune, sun fi ni sanin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana camfi da tashin tsuntsu da makamantansa, kuma hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Wanda ya fasa tafiya Gusau don gizo-gizo ya sauko masa ta hagu, da wanda ya karanta halinsa a waya ya gaskata, jirgi ɗaya ya kwaso su. Wannan ɓangaren na rufe shi a nan.

Abin da ya fi damuna shi ne yaro ɗan Mafara ya je neman ma'anar gizo-gizo a wurin baƙo, alhali kakarsa ta fi baƙon sani. Bahaushe ya ajiye Gizo a bakin tsohuwa, bayan sallar isha'i, a tsakar gida. Ya ba shi mata, Ƙoƙi, ya ba shi tsamin baki, ya ba shi cikin da ba ya ƙoshi. Ya ba shi bakan da ke fitowa a sama bayan ruwa. Har ƙaryar da mai tatsuniya ya shirga, a kan Gizo yake jingina ta in ya zo rufewa: ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya.

Kuma mu mutanen wannan yanki muna da haƙƙi na musamman a cikin abin da aka rubuta. Tun 1885 wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, ya buga Magana Hausa. Amma babban rumbun shi ne Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i 3, da aka buga a Belfast tsakanin 1911 da 1913. Da yawa daga takardun da ke ciki Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato, ya sa malamai suka rubuta da ajami, ya miƙa wa Edgar. A lokacin Mafara da Bakura da Maradun duk Lardin Sakkwato ne, shi ya sa in ka buɗe littafin za ka ci karo da Hausar da ta yi kama da ta bakin kakanninmu. A 1913 R. S. Rattray ya buga nasa, wanda wani Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Daga baya marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, wanda da yawanmu muka karanta a firamare. A Gana ɗin ma gizo-gizo ne gwanin tatsuniya, sunansa Ananse a wurin Ashanti, kuma bayin da aka kwasa sun ƙetare teku da shi har Jamaika da Suriname. Fataken goro sun yi ƙarnoni suna kai da komo tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, ba mamaki tatsuniya ta bi ayari ta je ta dawo. Yarbawa da Ibo kuwa kunkuru suka ba wannan muƙami.

Masana adabi suna da wata magana da suke so ƙwarai, cewa Gizo shi ne talaka. Ba shi da ƙarfi, ba shi da sarauta, sai wayo, kuma da wayon yake kayar da manya. Hujjarsu ita ce irin tatsuniyar Giwa da Dorina. Yunwa ta shigo gari, Gizo ya je wurin Giwa ya ce Dorina ce ta aiko shi rancen hatsi, za ta biya da doki in kaka ta yi. Ya koma wurin Dorina ya faɗi haka da sunan Giwa. Ya kwashe hatsin duka biyu ya kai wa Ƙoƙi. Da lokacin biya ya yi, sai ya miƙa wa Giwa bakin igiya a tudu, ya miƙa wa Dorina ɗaya bakin a ruwa, ya ce wa kowace dokinta ne a ɗaure, sai dai yana da gardama, ta ja da ƙarfi. Suka wuni suna jan juna, shi kuwa ya yi nasa wuri. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai karɓar jangali ko haraji ya san dalilin da ya sa tsakar gida ke ɓarkewa da dariya a wannan gaɓa. Abin da ba ka isa ka faɗa wa hakimi da rana ba, tsohuwa ta faɗe shi da dare da sunan Giwa, kuma babu dogarin da zai kama ta.

Na yarda da wannan, amma rabi. Ku zo mu bi Gizo gidan hankaki mu ga wa yake cuta.

Ya je ɗibar wuta, ya tarar suna cin ɓaure. Aka ba shi ya ɗanɗana. Ya fita ya kashe wutar ya dawo, wai ta mutu a hanya, aka ƙara masa. Ya yi ta yi har suka gane, suka ce to gobe da asuba mu tafi da kai, sai dai itacen yana tsakiyar kogi. Gizo bai iya jiran asuba ba, tsakar dare ya tashe su. Kowane hankaka ya cire gashi ɗaya ya liƙa masa, ya tashi sama tare da su. Ku lura da wannan wurin, don nan ne zuciyar labarin: fiffiken da ya kai shi na aro ne, karo-karo aka yi masa. Da aka isa, duk ɓauren da hankaka ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga gani, nasa ne. Ya cika jaka, masu gayyar suka tashi a tutar babu. Suka bari sai da barci ya kwashe shi, kowa ya zare gashinsa. Ya farka ya yi tsalle, ya faɗa ruwa. A ƙarƙashin ruwa ya tarar da kadanni, ya fashe da kuka, wai shi ɗan uwansu ne da ya ɓace tun yana ƙarami. Suka karɓe shi, suka kwantar da shi a ɗakin ƙwai. Ya bi ƙwan yana gasawa yana ci har saura ɗaya, in an zo ƙirga sai ya ɗaga wannan ɗayan, ya mayar ya goge, ya sake ɗagawa. Su waye aka cuta a nan? Maƙwabtan da suka ba shi fiffike, da masu masaukin da suka ba shi ɗaki. Babu sarki a cikinsu.

Sai Ta-Kitse, wadda na tabbata iyayenmu mata da ke nan za su iya ƙarasa mini ita. Tsohuwa tana da sa guda, ƙato, shi ke nan dukiyarta. Gizo ya shiga gidanta, ya gan shi, bai zame ko'ina ba sai fada. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya tambayi sarki kunnuwansa nawa, sarki ya ce biyu, ya ce ya ƙara biyu ya sha labari. Sarki ya aika aka kama san aka yanka. Tsohuwa ta roƙi kitse da kayan ciki ta kai ɗaki, Allah ya mayar mata da su 'yan mata. Gizo ya sake leƙowa, ya sake komawa fada, aka zo aka ɗauke wadda ta fi kyau. Sau biyu yana kai rahoton tsohuwar da ba ta tare masa komai ba, ladansa kuwa bai wuce tsoka ba.

Jama'a, a Zamfara ta yau wannan ba ya bukatar fassara. Muna da sunan da muke kiran mai wannan aiki, infoma. Wanda ke zaune da mu a majalisa, ya san wanda ya sayar da shanu ranar Talata, ya san wanda ɗansa ya aiko da kuɗi daga Legas, ya san ɗakin da amarya ke kwana. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a wannan ƙaramar hukuma. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a farkon Satumba aka shiga makarantar Kaya a ƙasar Maradun. Ba na cewa na san yadda aka yi a kowane ɗaya, wannan aikin masu bincike ne. Abin da kowa a zauren nan ya sani shi ne baƙo ba ya sanin ƙofar baya sai an nuna masa. Kakanninmu sun ga wannan hali tun babu bindiga mai sarrafa kanta, suka ba shi ƙafa takwas da tsamin baki, suka sa yara su yi masa dariya. Shi ya sa nake ganin tsohuwa ba ta taɓa nufin jikanta ya zama Gizo ba. Tana koya masa ya gane Gizo ne in ya shigo ɗibar wuta.

Mu ne muka juya darasin. Yau in yaro ya damfari wani ta waya sai a ce yana da kai. In ma'aikaci ya ɗaga ƙwai ɗaya sau ɗari a gaban mai binciken kuɗi, sai a ce ya iya takunsa.

Akwai lokacin da giwa ta gaske ta shigo ƙasar nan, kuma ya kamata matasa su san yadda iyayensu suka yi da ita. A 1974 aka fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka kammala ta a 1978. An tsara ta shayar da kadada 23,000. Ruwa ya ci gonaki da garuruwa a ƙasar Maradun, aka tashi dubban mutane. A wurin da za a yi noman rani kuma aka hana manoma shuka shekara da shekaru ana baje ƙasa, aka sare itatuwan da suka gada, diyya ta zo wa wasu a makare, wasu ba ta zo ba. Mutanen ƙasa da madatsar, masu noman fadama, suka ga ambaliyar da ke jiƙa musu shinkafa ta ragu. Manoman nan ba su ba gwamnati da kamfani bakin igiya suka ɓuya ba. Sun kai kuka, sun je kotu, da abin ya ƙi suka tare hanyoyi da rana tsaka, fuskarsu a buɗe. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta amsa mutuwar mutane kaɗan, masu bincike irin su marigayi Dokta Yusufu Bala Usman suka nuna abin ya wuce haka nesa. Allah ya jiƙansu. Wanda ya ce talakan ƙasar Hausa Gizo ne, bai san waɗannan mutane ba.

Inda Gizo ya shigo shi ne bayan ƙura ta lafa, da ruwa ya fara gudu a kanal. Injinan yayyafi da aka kafa wa mafi yawan filin sun lalace, aka koma dogaro da ruwan da ke gangarowa da kansa. Kowane manomi a nan ya san sauran labarin. Na bakin kanal ya fito da tsakar dare da fitila, ya buɗe ƙofar da ba ranarsa ba, ko ya fasa gefen kanal ya sa tiyo. Na ƙarshen layi ya zo da safe ya tarar da laka ta tsage, shinkafarsa ta fara ja. Ranar yashe kanal kowa yana da suna ko jana'iza. Wani ya kwance ƙarfen ƙofa ya kai wa 'yan gwangwan. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 don shirin TRIMING, Bakolori na cikin wuraren da aka gyara, kuma an ɗora rabon ruwa da kula da ƙananan hanyoyinsa a wuyan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Siminti kuɗi ke sayensa. Amma ƙungiyar masu ruwa taron hankaki ce, kowa ya ba da gashi ɗaya, kuma ranar da suka gaji da mai cewa shi ya riga gani, kowa zai zare nasa, kanal ya koma yadda yake.

Yanzu in juya wurin malamai, da neman afuwa in na yi tuntuɓe. Sura ta 29 a Alƙur'ani sunanta Ankabut, wato gizo-gizo, tana da ayoyi 69. A aya ta 41 Allah Maɗaukaki ya buga misali da waɗanda suka riƙi wasu majiɓinta ba Shi ba, ya kwatanta su da gizo-gizon da ya yi wa kansa gida, ya kuma bayyana cewa babu gidan da ya kai nasa rauni. Wani ɗalibin kimiyya zai ɗaga hannu ya ce, Malam, ai an auna, zaren gizo-gizo in aka gwada shi da ƙarfe mai nauyinsa ya fi ƙarfen ƙarfi. Gaskiya ne. A Madagaska akwai wanda ke miƙa zarensa daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan, tsawon da ya kai mita 25. A can ne kuma aka tatsi zaren gizo-gizo sama da miliyan ɗaya aka saƙa wata alkyabba mai ruwan zinariya, aka baje ta a Landan a 2012. To ai ayar ba zare ta ambata ba, gida ta ambata. Me ake nema a gida? Ya tare rana, ya tare ruwa, ya suturta na ciki, baƙo ya shigo ya fita lafiya. Saƙar gizo ba ta yin ko ɗaya. Tarko ce da mai ita ke kwana a kai. A wasu jinsunan ma macen kan cinye namijin bayan barbara.

Ku duba surar da kyau, kafin a kawo misalin an jero Adawa da Samudawa da Ƙaruna da Fir'auna da Hamana. Ba raunana aka jero ba, masu ƙarfin zare ne, masu dukiya da runduna da gidajen dutse. Saboda haka misalin ya hau kan wanda ya jingina da boka, ya hau kan wanda ya jingina da ubangidan siyasa har ya sayar da gaskiya, ya kuma hau kan wanda ya ɗauka lambar wayar wani ɗan bindiga da ke aljihunsa ita ce katangar gidansa. Mun sha ji a garuruwanmu yadda irin wannan ke ƙarewa, ko a hannun waɗanda yake yi wa aiki, ko a hannun jama'ar da ta gano shi.

Na san wani yana jira in ambaci kogon Saur. A shekarar hijira, 622, Manzon Allah da Sayyidina Abubakar sun ɓuya a kogon kwana uku, Ƙuraishawa suka zo har bakinsa suka juya. Wannan tabbatacce ne, aya ta 40 ta Suratut Tauba ta yi nuni da shi, Buhari da Muslim sun kawo shi. Batun cewa gizo-gizo ya yi saƙa a bakin kogon yana cikin Musnad na Imamu Ahmad daga Ibn Abbas. Ibn Kasir da Ibn Hajar sun kyautata isnadinsa, Albani ya raunana shi. Wannan fagen malaman hadisi ne, na bar musu. Ko a wurin waɗanda suka karɓi ruwayar, babu wanda ya ce a girmama gizo-gizo ko a nemi tsari da shi. Abin da suka fahimta shi ne Allah ya kare Annabinsa da mafi raunin abin da ke bakin dutsen.

Saura gizo-gizo na gaske, wanda ba ya magana, kuma shi muka fi zalunta. Da farko ba ƙwaro ba ne a lissafin masana, ƙwaro ƙafa shida gare shi, shi kuwa takwas, danginsa su ne kunama da kaska. Zuwa 2022 an ba jinsi 50,000 suna, kuma ƙalilan ne ƙwarai cikinsu ke iya yi wa mutum illa. Mu kuwa da an tashi da safe an ga ƙuraje sun yi layi a wuya ko a gefen ido, sai a ce tautau ne ya bi ta wurin. Likitoci sun ce sau da yawa abu biyu ne. Ko dai ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta a jijiya tun yarinta ta farka, ko kuma wani ɗan siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi, mai son gonakin shinkafa da hasken lantarki, wanda in ka murje shi a fata ruwan jikinsa ke ƙona ta. Maganin na biyun shi ne ka hure shi, kada ka murje, in ka riga ka murje ka wanke da sabulu nan take. Na farkon kuwa asibiti ake kai shi da wuri, musamman in ya kusanci ido.

Aikinsa fa? A 2017 wasu masana biyu, Nyffeler da Birkhofer, suka ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya na cin tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a shekara. A bakin Tafkin Biktoriya a Kenya akwai wani ɗan ƙarami mai tsalle da ya fi son sauron da ya sha jini ya ƙoshi. Wanda ya shafe mu kai tsaye shi ne na gonar shinkafa. Gobe da sassafe, kafin raɓa ta bushe, ku tsuguna a bakin kunya ku duba. Za ku ga saƙa shimfiɗe tsakanin ganye, mai ita dogo siriri ya miƙe a bayan ganye kamar tsinke. Ku buɗa gindin shinkafar, za ku ga wani mai ruwan ƙasa ya ruga a kan ruwa bai nutse ba, wani lokaci macen na jan farin ƙunshin ƙwai a bayanta, in sun ƙyanƙyashe ta goya su. Wannan ba ya saƙa, farauta yake yi da ƙafa, kuma abincinsa su ne masu tsotse ruwan shinkafa da malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar kara.

Indunisiya ta koyi darajarsa da tsada. Gwamnati ta yi ta ba da maganin feshi da rahusa, manoma suka yi ta feshi, sai wani ɗan ƙwaro mai tsotsar shinkafa ya ɓarke ya cinye gonaki. Da masana suka duba, sai suka ga feshin na kashe gizo-gizo da sauran mafarauta, ƙwan ƙwaron kuwa yana ɓoye cikin kara, ya ƙyanƙyashe ya tarar babu mai cin sa. A 1986 Shugaba Suharto ya hana amfani da magungunan ƙwari iri 57 a gonar shinkafa. A 1989 aka fara makarantun manoma a cikin gona tare da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda darasin farko shi ne manomi ya shiga gonarsa ya ƙirga masu ɓarna da masu cin su kafin ya taɓa famfon feshi. Noman shinkafarsu bai faɗi ba.

A nan kuwa yaro ne za ka gani da famfo a baya, ba takalmi ba abin rufe hanci, ya haɗa magani biyu ko uku a murfin kwalba yadda mai shago ya gaya masa, yana feshi don maƙwabci ya yi, ba don ya ga ƙwaro ba. Sauran ya wanke a kanal ɗin da ake wanka ana shayar da dabbobi. Ban ce a daina feshi ba, akwai shekarar da in ba ka yi ba sai ka tashi da buhu a naɗe. Na ce a duba tukuna, musamman a makonnin farko bayan dashe, lokacin da ganyen da tsutsa ta ɗan ci kan murmure da kansa, mafarautan kuma suna cikin taruwa.

Ɗaliban aikin gona na Bakura da na Kwalejin Abdu Gusau da ke garin nan, ga aikin da ba ya bukatar tallafin kowa. Ku sami manomi biyu masu maƙwabtaka da suka yarda, ɗaya mai feshi kowane mako, ɗaya mai feshi sai ya ga dalili. Ku zaɓi gindi 20 a kowace gona, ku riƙa zuwa da farin faranti da ɗan ruwan sabulu a ciki, ku kara shi a gindin ku bubbuga. Ku rubuta gizo-gizo nawa ya faɗo, mai ɓarna nawa. Ku yi haka mako-mako har girbi, sannan ku rubuta buhun da kowa ya samu da kuɗin maganin da ya kashe. Sakamakon ku rubuta shi da Hausa, ku kai wa shugabannin ƙungiyoyin masu ruwa a karanta a taronsu kafin noman rani mai zuwa. Ɗaliban Hausa kuma, waya tana hannunku, tsofaffin da suka san Gizo da Ɓotorami da Gizo da budurwar danƙo suna raye a Jangebe da Rini da Faru da Gora, wasunsu ma rashin tsaro ya kawo su cikin garin nan suna zaune a gidajen 'yan uwa. Ku nemi izininsu ku ɗauki muryarsu da Zamfarcinsu yadda yake, kada ku gyara musu shi zuwa Hausar Kano, ku rubuta sunan garin da shekarar a kan kowace.